Bindigar Yaƙin Haɗeja

Duk wanda ya ce maka gwanjo ciniki ne, bai taɓa shiga ba. A ciniki kai ne da mai kaya, ka taya ya ce albarka, ka ƙara ya sallama, in bai yi maka ba ka yi gaba. A gwanjo kuwa mai kaya gefe yake komawa ya harɗe hannu, ya bar ka da wani ƙaton da ba ka taɓa gani ba, ku yi ta yi wa juna ɓarna don kada a ce wane ya fi ka. Balle a ce gwanjon a waya ake yin sa, da tsakar dare, babu mai riƙe maka hannu.

Wani abokin aikina a sakatariya ne ya jefa ni wani zauren WhatsApp na masu tara kayan da. Tun da aka mai da Dutse babban birnin Jigawa a 1991, mu ma'aikata muke fama da abu guda: ranar Juma'a rabin garin ya gudu Kano, mu da muka rage ba mu da abin yi sai latsa waya. A zauren ana gwanjon anini, da kwabo mai huji, da sulallan da aka bar kashewa bayan shigowar naira a 1973, da akushi, da linzami, da faifan garmaho. Ana saka hoto bayan isha'i, a rufe tayi ƙarfe goma sha biyun dare, shugaban zaure ya ɗauki la'adarsa.

Wata Juma'a sai ga hoton bindiga a kan tabarma, doguwa, baƙa wuluk, tsatsa ta cinye ta. Mai kayan ya rubuta cewa Martini-Henry ce, kakan babansa ya tsince ta a gindin ganuwar Haɗeja a watan Afrilun 1906, ranar da sojan Turawa suka faɗa wa garin har Sarki Muhammadu ya yi shahada. Wannan yaƙi babu ɗan Jigawa da bai ji labarinsa ba. Na ruga intanet na ga lallai akwai bindiga mai wannan suna, sojan Ingila suka fara riƙe ta a 1871, da ita suka yaƙi Zulu a 1879. Na kuma ga a Amurka akwai gidajen gwanjo irin su Rock Island da ke sayar da tsofaffin bindigogi da dala. Na ɗauko kalkuleta. Kafin in ajiye ta, a raina na riga na sayi fili a Fatara har na fara rigima da birkila.

An buɗe tayi a naira 30,000. Mutum biyu suka taya suka janye. Saura ni da wani mai hoton doki a lambarsa. In na ce 50,000, kafin in ɗaga yatsa ya ce 55,000. Ba ya gaisuwa, ba ya sa hoton dariya, lamba kawai yake jefowa. Wajen 120,000 na daina tunanin bindiga, na koma tunanin dokin nan da mai shi da irin tarbiyyar da aka yi musu. Saura minti ɗaya a rufe na rubuta 185,000. Shiru. Shugaban zaure ya ce an sallama, jama'a suka yi ta turo min Allah ya sa albarka. Kuɗin da na tura kuwa na adashen uwargida ne, da ta ce in ajiye mata a asusuna saboda a cewarta hannuna ya fi nata riƙo.

Kawo kaya ya zama aiki. Mai bindigar ya ce yana wani ƙauye can wajen Jahun, kuma duk direban da ya ji sunan saƙon sai ya tuna yana da iyali. Da gaskiyarsu, a zamanin da ’yan bindiga suka hana Arewa barci. Muka shirya haɗuwa ranar Litinin a kasuwar Shuwarin. Ina tsaye gefen masu dabino wayata ta yi ƙara, na duba, sai ga hoton doki.

"Alhaji, ni ne mai kayan nan, ɗaya wayar ce ba caji. Kana ina?"

Ban iya ce masa komai ba sai "Wajen masu dabino." Shi ma bai zo ba. Wani yaro ya aiko da damin rake ɗaure da igiya, ya dire a gabana ya ce tana tsakiya, ya ɓace cikin kasuwa.

Na ɗaure damin a bayan babur na kama hanyar Dutse. Daf da shiga gari aka tsai da ni a shingen bincike. Jami'in ya zagaya babur ɗin a hankali, ya dafa damin.

"Alhaji, wannan rake haka, ba za a ɗanɗana mana ba?"

"Ranka ya daɗe, ai naku ne."

Ya sa hannu ya fara zaɓe. Ya taɓa wannan, ya murza wancan, yana neman mai kauri. Ina kallon yatsunsa suna ratsawa tsakiya, ina karanta duk addu'ar da na sani har da ta shiga kasuwa. Ya kama wani abu ya ja, ya ƙi fitowa. Ya ce, "Kai, wannan ya yi tauri, ba zai yi ruwa ba." Ya zari na gefe, ya ɗaga min hannu. A ranar sanyi ake, amma da na isa gida sai da aka matse rigata.

Uwargida ta tsaya a kaina ina kwance damin. Ta dubi abin da ya fito, ta dube ni, ta ce, "Maigida, farauta za a koma?" Na ce tarihi ne. Ta leƙa bakin bindigar ta ce to tarihin nan zanzaro ya yi gini a ciki. Haka ne kuwa, bakin a toshe yake da busasshiyar laka, har da ’yar ƙofar da mai gidan yake shiga.

Don a wanke ta na kai ta wurin wani tsohon maƙeri a bayan Garu. Na same shi zaune gaban uwar maƙera, jikansa yana zuga. Ya karɓa, ya auna nauyinta a tafin hannu, ya juya ta, ya tofa yawu a ƙasan bututun ya goge da babban yatsa. Wasu ɗigo uku suka bayyana a jere. Sai ya yi murmushi irin na wanda ya haɗu da ɗansa a tasha.

"Ikon Allah! Ashe tana nan."

"Baba, ka san ta ne?"

"Ni na ƙera ta, yaro. Zamanin Shagari. Da sandar sitiyarin Landiroba na yi bututun, wani maharbi ya biya ni da gero. Wa ya bizne ta da kanwa da gishiri haka? Dubi yadda suka ɓata min aiki."

Na ce an ce min ta Turawa ce, ta yaƙin Haɗeja. Ya yi dariya har zugazugin ya tsaya. Ya ce ta Bature ta baya ake sa mata harsashi, tana da wani hannu a ƙasa da ake ja. Wannan kuwa adaka ce, harba-ka-ruga, ta baki ake ɗura mata albarushi a daka da sanda, irin ta ’yan bindigar sarki da ke cika gari da hayaƙi ranar hawan salla. Ya ƙara da cewa a hannun maharbin nan ta kashe gada da zomo ba adadi, kada in raina ta.

Daga nan na wuce gidan kawuna, tsohon ɗan sanda mai ritaya, da niyyar ya taya ni kamo mai doki. Ya saurare ni har ƙarshe yana jan carbi.

"To, ɗana, in mun je za ka ce me ka saya?"

Ya warware min dalla-dalla. Dokar makamai ta 1959 ta ce ko bindigar toka ce sai da lasisi daga kwamishinan ’yan sandan jiha, kuma ba kowa ke da izinin cinikin bindiga ba. In kuwa da ta tabbata ta 1906 ce, to ta faɗa hannun dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda ta hana saye da sayar da kayan tarihi sai ta hannun wanda aka amince wa, ta kuma hana fitar da su waje ba takarda. Gaba kura, baya sayaki. Jikarsa da ke gefe tana jin mu ta sa baki ta ce ko hotonta na saka a Facebook za a sauke, don tun 2016 suka hana mutane cinikin bindiga a can, eBay kuwa tun 1999.

Shawarar Kawu ita ce a kashe ta. Na mayar wa Baba maƙeri ya cire kunamar yana tsaki, mai walda ya toshe bututun gaba da baya. Ta zama sanda mai nauyi. Na saka ta a zaure da bayaninta na gaskiya: aikin maƙerin Dutse, zamanin Shagari, ba ta harbi. Aka wayi gari ko tari babu wanda ya yi.

Abokin nan nawa da ya jawo min duk wannan ya ce in bar masa, ai an koya mana yadda ake yi. Mako na zagayowa na sake saka ta, ya shigo da lambar matarsa yana tayawa. Wani bawan Allah daga Gumel ya biyo shi har 60,000. Ina ta aika wa abokin nawa saƙo a gefe cewa ya isa, ya tsaya, shi kuwa abin ya yi masa daɗi, ya rubuta 70,000. Na Gumel ya ce Allah ya sa albarka, ya tafi ya kwanta. Ƙarfe goma sha biyu shugaban zaure ya taya ni murna, ya turo lambar asusunsa, na biya la'ada a kan bindigata da ke jingine a bayan ƙofata.

A ƙarshe wasu ’yan fim daga Kano da ke neman kayan mafarauta suka saye ta 25,000, suka ba da 15,000, sauran sai fim ya fito. Uwargida ta karɓe kuɗin a tsaye, ta yanka min abin da zan riƙa biya duk wata, ta kuma mai da ajiyar adashe hannun ƙanwarta.

Fim ɗin ya fito, mun kalla a waya ni da ita. Bindigar tana hannun wani mai gadin fada, ya rungume ta baki a ƙasa. Bai kai ga buɗe baki ba aka make shi ta baya ya faɗi a kanta. Uwargida ta ce in mayar baya ta ƙara gani. Cikon 10,000 kuwa, na kira furodusan ya ce kasuwar fim ta mutu, amma suna shirya kashi na biyu, in ina da takobi.