Mushe Ɗanɗano, Sarkin Goron Banza

Taubashi, ina gaisuwa, duk da na san gaishe ka ɓarnar yawu ce. Labari ya iske ni har Sakkwato cewa ka buɗe sabon ofis a kasuwar Illela. Wai duk Lahadi, mutanen kirki suna kara suna cinikin shanu da raƙuma, kai kana layin 'yan goro kana aikin ɗanɗano. Ka ɗauki ja, ka ɗaga shi sama ka ƙare masa kallo, ka kai hanci, ka ɓantara, ka lumshe ido kana gyaɗa kai. Sai ka nemi buta ka kurkure baki, ka ce a miƙo fari. Mai goro na tsaye yana jiran ciniki, kai kuwa sai ka ce, "Wanga bai kai na makon jiya ba," ka matsa teburi na gaba.

Na san inda ka kwaso cutar. Tun da ka fara tsallakawa Konni ran Laraba kana zama wurin mai shayin da talabijin ɗinsa ke kama tashoshin Faransa, ka ga Turawan Bordo suna juya giyar inabi a kofin gilashi, suna cusa hanci, suna cewa ja na ƙanshin itace, fari na ƙanshin lemo. Giya dai ba ka sha, wannan shaida zan bayar ko gaban alƙali. In ma tsoron Allah ya yi maka ƙaranci, tsoron Gwaggo ya isa. Sai ka bar musu kwalbar, ka ɗauko yangar, ka sauke ta a kan goron bayin Allah.

Amma ka kalli shirin rabi ne, Mushe. Su in sun kurɓa tofarwa suke yi, don kada su bugu kafin a gama. Kai fa? Goro ɓari biyu ne: ɗaya ka tauna ka haɗiye, ɗaya ya shige aljihun gaba, wai za ka sake nazarinsa bayan la'asar.

Har karatu aka ce kana bayarwa. Ja na maza ne, shi ke da ɗaci da ƙarfi. Fari na sarakuna da amare, ya fi laushi a harshe. Farin ya fi daraja a idon mutane, ban musa ba, shi ake zaɓar wa babban baƙo. To amma ka je Shagamu ko Ondo ka tambayi Yarbawan da ke noma shi. Sau da yawa in aka fasa kwanso guda, daga bishiya guda, sai a tarar da ja da fari kwance tare. Ina za ka sani, kai da iyakar dajinka ƙayar bakin tafkin Kalmalo? Yaran gidanku sun ce ka taɓa gaya musu tono goro ake yi kamar gyaɗa. Ban yarda ba. Ban kuma ƙaryata su ba.

Su kansu iyayen gidan naka an taɓa kama su. A shekarar 2001, a Jami'ar Bordo, wani mai bincike, Frédéric Brochet, da abokan aikinsa suka zuba wa farar giya launin ja marar ƙanshi, suka miƙa wa ɗalibai 54 masu karatun giya. Ɗaliban suka shinshina, suka yi ta siffanta ta da kalmomin da ake siffanta ja. Ido ne ya yi musu ɗanɗanon. Waɗannan fa mutane ne da suka biya kuɗin makaranta. Kai da ko kuɗin goron ba ka biya, in na ɗaure maka ido da rawaninka na miƙo ɓari, wallahi namijin goro kaɗai za ka gane, shi ma don bishiyarsa daban ce kuma ɗacinsa na ta da matacce.

Da ka zauna ka saurari tsofaffin 'yan goro maimakon ka cinye musu jari, da sun gaya maka launi shi ne ƙarshen abin da suke dubawa. Suna tambaya ne: sabo ne ko daushe? Sabo na da ruwa da kaifi. Daushe ya kwana biyu, ya natsu, ɗacinsa na wucewa ya bar zaƙi a maƙogwaro, musamman in ka bi shi da ruwan randa. Suna duba ko yana ƙaras a haƙori ko ya yi yaushi. Suna duba yadda aka naɗe huhun da ganyen fita, ko ana buɗewa ana tsincewa ana yayyafa ruwa, domin iskar hunturun Illela ba ta ragawa abu mai ɗanye. Uwa uba suna neman sankara, don guda ɗaya mai ciwo in aka bar ta sai ta bi sauran. Ga kuma hannun ruwa mai yauƙi, wanda aka ce wani yaro ya miƙa maka da gangan ka ce "goron manya ne."

Kakannin fataken nan watanni suke yi a hanya da jakuna, su tsallake Kwara, su ratsa Bargu, su kai Salaga a ƙasar Gwanja da kanwa da tufafi, su dawo da goro. Alhassan Ɗantata da fataucin goro ya fara tara abin da ya tara. Duk wannan wahala, ashe kai ake yi wa tanadi.

Da aka rufe iyaka a Agustan 2019 kowa ya koka har Disambar 2020, haka da aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Yamai. An ce mutum ɗaya ne a Konni bai yi kuka ba: mai goron da ka saba tsayawa wurinsa.

Kada ka kumbura, bawana, akwai inda nake sara maka. Duk dangi in za a kai goron neman aure ko na suna, kai ake aika, kuma ba ka taɓa kawo mai sankara ba. Hancin nan naka na aiki. Lissafi ne kawai ke ba ka wuya: ƙwarya ɗari ce a ko'ina cikin ƙasar Hausa, amma in ta biyo ta hannunka sai ta iso casa'in da 'yan kai, bakinka kuma ja wur.

Ka gaida Gwaggo. Ka ce mata na aiko mata ƙwarya guda, rabi ja rabi fari, ta hannun direban motar Gwadabawa. In kai ka karɓo a tasha, ta ƙirga a gabanka.