Jinjina ga Masu Ƙera Gwanayen Ƙanƙara

A gaishe da iyayen yara na Kanada da arewacin Amurka, masu hangen nesa, waɗanda suka gano cewa ɗan shekara bakwai ya isa ya san sana'ar da zai tsufa a kanta. A gaishe da kociyoyin da suka tabbatar musu da haka, da masu filayen ƙanƙara da suka bar ƙofa a buɗe wata goma sha biyu don kada wannan hikima ta tashi a banza. Hokin ƙanƙara, wasan da ake zamiya a kan takalmi mai kaifin ƙarfe ana kora ɗan faifan roba da sanda zuwa raga, a da wasan hunturu ne. Tafki ya daskare yara su fita, ƙanƙara ta narke a watan Afrilu a rataye takalma, a koma ƙwallon ƙafa ko iyo ko hawan keke. Sakaci ne irin na mutanen da, kuma an yi maganinsa. Yanzu akwai injin da ke daskarar da ruwa ko a tsakiyar Yuli, saboda haka babu sauran uzurin da yaro zai kawo na hutawa.

Ku dubi kyan tsarin. Ƙarfe biyar na asuba uba ya ciccibi jakar kaya wadda ta kusa tsawon ɗansa, ya jefa a bayan mota. Yaron yana kujerar baya, ido a rufe, burodi a hannu, ya gatsa sau ɗaya barci ya sake kwashe shi. A ɗakin sauya kaya uban ne ke durƙusawa ya ja masa igiyar takalmi, domin yatsun yaron ba su yi ƙwarin da za su ɗaure ta tamau ba. Wanda bai iya ɗaure takalminsa ba, ga shi da kocin zamiya daban, kocin buga faifai daban, da mai horar da jiki a busasshiyar ƙasa. Daga Satumba zuwa Maris ana kakar wasa. Daga Afrilu zuwa Yuni ana abin da suke kira hokin bazara. Yuli da Agusta na sansanin horo ne, kada ƙafa ta manta. Idan yaron ya ce yana so ya buga ƙwallon ƙafa da abokansa, sai a yi masa bayani cikin lumana cewa ɗan maƙwabta ba ya hutawa, kuma kujera ɗaya ce a kulob ɗin da ake kira mai A uku.

Wanda yake shakkar cewa abin ya kai matsayin ibada ya je Edmonton a farkon Yuli. A can ake gasar Brick, ta yara 'yan shekara goma, waɗanda ake kwasowa daga sassan Kanada da Amurka. Filin da ake bugawa yana tsakiyar katafariyar kasuwar zamani ta West Edmonton Mall, kantuna sun kewaye shi, masu sayayya suna leƙowa daga bene. Ban taɓa jin wurin da ya dace da abin da ake yi a cikinsa kamar wannan ba. Haja ce aka kawo, ina za a baje ta in ba a kasuwa ba?

Kuma ba da ka ake yin abin ba, akwai ilimi a bayansa. A 2008 Malcolm Gladwell ya fitar da littafinsa Outliers, ya yaɗa zancen cewa ƙwarewa tana buƙatar sa'o'i 10,000 na gwaji. Ya ɗauko adadin ne daga binciken da Anders Ericsson da abokan aikinsa suka buga a 1993 a kan ɗaliban goge a wata makarantar kiɗa ta Berlin. Ericsson da kansa ya fito daga baya ya ce ba haka bincikensa ya nuna ba, adadin matsakaici ne kawai, ba doka ba. Amma iyaye sun fi shi fahimtar aikinsa. Sun zauna da alƙalami sun raba dubu goma da shekarun da suka rage kafin yaro ya kai sha takwas, lissafi ya nuna musu cewa tun jiya ya kamata a fara.

Abin tausayi shi ne waɗanda suka tashi kafin a waye. Ga Wayne Gretzky, ɗan garin Brantford a lardin Ontariyo, haihuwar 1961. Mahaifinsa Walter yakan malala ruwa a bayan gida ya daskare, yaro ya yi ta zamiya har dare. Amma da zafi ya shigo sai a bar shi ya yi watsi da sanda, ya tafi besbol da lakuros da guje-guje. Da wannan tarbiyya ta sakaka ya tashi, shi ya sa bai tara komai a babbar gasar ƙwararru ta NHL ba sai maki 2,857, adadin da har yau babu wanda ya matso kusa da shi. Bai ma ji kunya ba, yana ta faɗa wa iyaye su bar yara su huta da hoki a lokacin zafi. Bobby Orr, wanda da yawa ke ɗauka babu ɗan baya kamarsa a tarihin wasan, shi ma ra'ayinsa ke nan. Sidney Crosby ya buga besbol yana yaro, John Tavares ya buga lakuros. A 2019 wasu likitoci a Amurka suka tambayi 'yan wasan NHL da na jami'o'i lokacin da suka bar sauran wasanni suka tsaya a hoki kaɗai, matsakaicin amsar ya faɗa wajen shekara 14. Allah kaɗai ya san inda waɗannan bayin nasa za su kai da an kulle su a fili tun suna shekara shida.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a nan ne masu wannan tsari suka fi cancantar yabo, domin su ba su tsaya a baki ba, ƙashin yaron suke tanƙwarawa da gaske. Mai zamiya a kan ƙanƙara yana tafiya ne a sunkuye, yana tura ƙafa gefe da baya, yana murɗa cinya a cikin gaɓar kwatangwalo, sau dubbai a kowane mako. A jikin babba wannan gajiya ce kawai. A jikin ɗan shekara goma sha biyu kuwa, kan ƙashin cinya bai gama ƙosawa ba, wurin da yake tsiro a buɗe yake. Idan aka dinga matsa masa ta fuska ɗaya ba hutu, sai ƙashin ya yi tudu a inda ya kamata ya zama mulmulalle. Tudun nan shi ke gogar bakin gaɓar duk lokacin da aka naɗe ƙafa, yana cin guringuntsi a hankali. Dakta Marc Philippon, likitan tiyatar kwatangwalo a garin Vail na jihar Kolorado, ya duba yara masu hoki 'yan shekara 10 zuwa 18 ya gwada su da takwarorinsu masu sulu a dusar ƙanƙara, ya buga sakamakon a 2013. Kusan uku cikin huɗu na masu hokin suna da alamar wannan tudu, masu sulun kuwa ba su kai rabi ba, kuma a cikin masu hokin abin yana ƙaruwa da ƙaruwar shekarun yaro. Masu tsaron raga su ne 'yan gata. Tun da Patrick Roy ya shahara da salon faɗawa a kan gwiwa biyu a baza ƙafafu waje, kowane ƙaramin gola haka ake koya masa, ya faɗi ya tashi, ya faɗi ya tashi, har atisaye ya ƙare. Sakamakon yana da ban sha'awa: matashi bai kai ashirin ba ya riga ya san likitan tiyata da suna, abin da kakansa bai samu ba sai da ya haura sittin. Wa ya ce ba a ci gaba ba?

Kan yaron ma ba a bar shi a baya ba. Carolyn Emery ta Jami'ar Calgary ta gwada yara 'yan shekara 11 da 12 a lardin Alberta, inda aka yarda su bangaji juna da jiki, da na Kwibek inda aka hana. A 2010 ta nuna cewa raunuka da girgizar ƙwaƙwalwa sun ninka kusan sau uku a inda ake bangaza. Hukumar hoki ta Amurka ta hana bangaza a wannan rukuni a 2011, ta Kanada ta bi sahu a 2013, kuma an sha kuka daga masu kishin wasa cewa za a mayar da yara ragwaye. Gaskiyarsu. Sai dai su kwantar da hankali, yaron da ke wasa wata goma sha biyu yana da damar bugun kai da allon gefen fili fiye da mai yin wata shida, ko da doka ko babu.

Likitocin yara, kamar kullum, sun so su ɓata lamarin. Ƙungiyarsu ta Amurka ta fitar da rahoto a 2016 tana cewa a jinkirta tsayawa a wasa ɗaya sai yaro ya kai 15 ko 16, a ba shi hutun kwana ɗaya ko biyu a mako, da wata uku a shekara. Wani likitan, Neeru Jayanthi, ya kawo ma'auni mai sauƙi: kada sa'o'in horo a mako su wuce shekarun yaro. Shawara ce ta mutanen da ba su da fili da za su biya wa kuɗin wuta a watan Yuni. Mai filin ƙanƙara yana da ma'aikata, kocin bazara yana da iyali, mai otal ɗin da ake sauka lokacin gasa yana da ɗakuna. Idan yara suka huta wata uku, wa zai ciyar da waɗannan? Sanda ɗaya mai kyau tana haura dala 300, kuma takan karye. Takalmi kuwa ƙafa na girma an sake. Kakar wasa guda a babban mataki tana lashe dubban daloli kafin a zo maganar mai da masauki. Ta haka aka tsarkake wasan daga 'ya'yan talakawa, waɗanda dama ba su iya komai ba sai hazaƙa.

Ribar jarin kuwa a fili take. Jim Parcels, wanda ya daɗe yana aiki a harkar hokin yara a Ontariyo, ya bi diddigin yaran da aka haifa a shekara guda a lardin, kimanin 30,000 da suka buga wasan. Waɗanda ƙungiyoyin NHL suka zaɓa a cikinsu ba su kai 50 ba, waɗanda suka daɗe suna ci da wasan kuwa ba su kai rabin haka ba. Ya rubuta wannan tare da ɗan jarida Ken Campbell a littafin Selling the Dream na 2013. Gasar gaba ɗayanta ƙungiya 32 ce, kowacce da 'yan wasa 23 a jerinta, kuma ana takarar guraben da 'yan Suwidin da Finlan da Rasha da Cek. Duk uban da ya ji wannan lissafi yakan gyaɗa kai ya tausaya wa sauran iyaye 29,999.

Zaɓen gwanaye tun da wuri ma yana da tasa basirar. Tun a 1985 wani mai bincike, Roger Barnsley, ya lura cewa manyan ƙungiyoyin matasa na Kanada cike suke da haihuwar Janairu da Fabrairu da Maris. Ana raba rukuni ne daga 1 ga Janairu, saboda haka a tsakanin 'yan shekara takwas, haihuwar Janairu ya girmi haihuwar Disamba da kusan shekara, ya fi shi tsawo da nauyi. Koci ya dube shi ya ga baiwa, ya ɗauke shi, ya ba shi ƙarin horo da ƙarin wasa, bayan shekara biyar baiwar ta tabbata. Na Disamba ya koma gida da sanin cewa ba shi da rabo. Laifinsa ne, wa ya aike shi ya zo duniya a ƙarshen shekara?

Sai kuma tarbiyyar zuciya, wadda ake yi a mota a hanyar komawa gida. Uba yana tuƙi yana bitar kowane kuskure, me ya sa ba ka buga ba, me ya sa ka tsaya, ka san nawa na biya? Yaron yana kallon taga. Patrick O'Sullivan, wanda ya kai har NHL, ya ba da labarin tasa motar a littafinsa Breaking Away na 2015: duka bayan wasa, sauke shi a hanya ya bi mota da gudu, tashinsa da tsakar dare don motsa jiki, har sai da ya kai shekara 16 ya nemi kotu ta raba shi da mahaifinsa. Abin da ya fi nanatawa shi ne manya da yawa a filayen nan sun ga alamu, ba wanda ya tanka, domin yaron yana cin raga. A jinjina wa waɗannan manya, sun san ba a katse mai aiki.

Kada a yi koyi da Norwe. Tun 1987 suka kafa ƙa'idojin wasannin yara, ba a jera sunayen yara daga na ɗaya zuwa na ƙarshe kafin shekara 11, ba gasar ƙasa kafin 13, ana so kowane yaro ya ɗanɗana wasanni da yawa a kulob ɗin unguwarsu. Ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan shida ba, da wannan lalaci ta je gasar Olamfik ta hunturu a 2018 ta kwashi lambobi 39, ta koma Beijin a 2022 ta ɗauki zinare 16, ta bar Kanada da Amurka a baya duka sau biyun.

Shi kuwa yaron namu, wata rana yana shekara goma sha uku ko sha huɗu zai ce ba ya zuwa. Ba zai yi faɗa ba, zai ce kawai ya gaji, kwatangwalo na masa ciwo idan ya daɗe a zaune a aji. Bai iya iyo ba, bai taɓa shiga ƙungiyar ƙwallon ƙafa ba, abokansa duka na filin ne, kuma filin ya wuce ba shi. Uban zai ɗauki hoton takalma da sanduna da kwalkwali ya sa a intanet a rabin kuɗi. Kulob ɗin ba zai yi asarar ko kwabo ba, domin da an rufe kaka ake gwajin ɗaukar sababbi, kuma akwai iyaye a layi da takardar biya a hannu, kowanne riƙe da ɗan shekara bakwai.