Nasiha Ga Mai Neman Hikayar Kirsimeti

Idan Kirsimeti ya gabato a Ingila da Amurka, sanyi ya kankama, dare ya yi tsawo, al'adar ma'abota karatu ce su nemi hikayar da za ta kwantar musu da hankali, kuma, ikon Allah, babu abin da ke kwantar musu da shi kamar gawa. A 1938, a cikin wata hikayarta, Agatha Christie ta tara iyalan wani tsohon attajiri domin shagalin biki, aka yanka shi a ɗaki kulle, aka bar Hercule Poirot da tahkiki, alhali kowane magaji yana da dalilinsa.

Wanda bai son jini, ina yi masa nasiha da hikayoyin soyayyar Amish, mutanen jihar Pennsylvania da wasu jihohin Amurka masu zuhudu, da suka ƙaurace wa mota da lantarki, inda saurayi kan cinye rabin littafi kafin ya sami zarafin rako budurwa gida a keken doki. Galibin marubutan ba Amish ba ne, masu karatun kuwa da yawa a waya suke yinsa, ga lantarki tar, suna ta yabon zuhudu.