Muzuru Biyu a Ƙofa Ɗaya

Malamai sun kasa jahilci gida biyu: akwai na wanda bai sani ba kuma ya san bai sani ba, akwai kuma murakkabi, na wanda bai sani ba amma yake zaton ya sani. Ni dai ban tantance ajin da nake ciki ba sai wata Alhamis, ranar da kawuna, shugaban kwamitin wata makarantar Islamiyya a unguwarmu, ya aiko kirana bayan La'asar, alhali hujjarsa ta zaɓena ba ta wuce cewa na taɓa sa masa WhatsApp a waya ba, wanda a ƙiyasinsa duk mai iya wannan babu abin da zai gagare shi a sha'anin kwamfuta.

Ya ce, "Ɗana, shafin nan da iyaye ke duba sakamakon yara ya koma tafiyar hawainiya, ƙanenka da ya haɗa shi yana can wajen bautar ƙasa, ga shi ranar Asabar za a fitar da sakamako." Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, ai wannan aikin tsakanin Magariba da Lisha ne." Ya miƙo mini wata takarda da yaron ya bari, mai ɗauke da kalmar sirri, ya sa mini albarka.

Ita na'urar da ake kira saba, wadda shafin ke zaune a cikinta, haya aka kama a wani gari na Jamus, babu wanda ya taɓa ganinta cikinmu, sai dai a shiga ta wata hanya mai suna SSH, a tarar da baƙin allo da ɗan haske yana ƙifta ido kamar mai jiran a yi kuskure. A zauren gidan akwai Nginx, wanda wani mutumin Rasha, Igor Sysoev, ya fitar a 2004, shi ke tsaron ƙofa ta 80 da ta 443, yana karɓar saƙon baƙi yana kaiwa cikin gida. A ciki kuwa, bakin ƙofa ta 8080, Tomcat ne ke ainihin aikin, kuma ma'anar sunan nan da Turanci muzuru, wanda gidauniyar Apache ke kiwo tun 1999. Da na duba na ga muzurun makarantar na tara ne, alhali na goma ya daɗe da fitowa, sai na yanke fatawa nan take, ba tare da nassi ko ijma'i ba, cewa tsufa ne ciwonsa.

Na sauko da na goma, na kwafe manhajar makarantar na zuba masa, har na yi masa rajista yadda duk lokacin da na'urar ta farka shi ma zai farka, sa'an nan na tayar da shi, allo ya shaida mini cewa ya tashi. Na buɗe shafin, ya fito, amma da nawarsa ta da, ko gezau. Daga nan na shiga fayil ɗin server.xml na yi masa abin da ɗalibi marar malami ke yi wa matani: na ƙara yawan ma'aikatan da ke amsa baƙi daga 200 zuwa 2000, na rage, na goge layin da ban gane ba, na mayar da shi da na tsorata, har daga bisani na buga chmod 777, wato na cire ƙyauren kowane ɗaki na ce kowa ya shiga, bidi'ar da har yau in na tuna sai na yi istigfari. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, duk ɓarnar da na yi, shafin bai gyaru ba kuma bai lalace ba, kamar mai dukan inuwa. Uwargida ta kawo tuwo ya huce, ta kawo shayi ya huce, a karo na uku ta leƙo ta tambaya cikin ladabi ko a kira mai ruƙiyya.

Sai wajen ƙarfe biyun dare, bayan dabara ta ƙare, na buɗe catalina.out, littafin da muzurun ke rubuta duk abin da ya same shi, wanda masu sana'ar ke fara karantawa, ni kuwa na bar shi ƙarshe. Ashe tun Magariba bawan Allah yake kai ƙara, layi bisa layi, cewa ya je ƙofa ta 8080 ya tarar wani ya riga shi zama. Tsohon muzurun ne, bai taɓa motsawa ba, shi ke amsa kowa. Nawa kuwa, wanda na kwana ina yi wa kwalliya, ko baƙo ɗaya bai gani ba. Na ce lalle ba a sarki biyu zamani ɗaya, na nemo lambar tsohon, na buga masa kill -9, hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara a kansa.

Nan da nan Nginx ya kafa 502, ma'ana ya shiga cikin gida bai sami kowa ba. Na sake tayar da nawa, ya hau ƙofa, na gyara zama don ganin nasara, sai 404: gida na nan, mai gida na nan, amma makaranta ta ɓace da ɗalibanta. Dalilin, wanda na fahimta bayan an kira assalatu, shi ne lokacin da kamfanin Oracle ya miƙa ɓangaren harshen Java da muzurun ke aiki da shi ga gidauniyar Eclipse a 2017, bai saki sunan javax ba, aka koma kiran kayan jakarta. Muzuru na goma da sabon suna yake ji, manhajar makarantar kuwa da tsohon take kira, don haka suka zauna ɗaki ɗaya kamar Bahaushe da Basine, kowa na kallon bakin ɗan'uwansa.

Na haɗiye girma na buga wa ƙanen nawa waya. Ya saurara har na kai aya, sa'an nan, da muryar mai danne dariya, ya ce, "Yaya, kashe naka ka kunna tsohon. Ai ya fi shekara ba a tashe shi ba, cikinsa ne ya cika. Da ma abin da yake bukata ke nan." Na bi umarninsa, layi biyu tak, shafin ya buɗe kamar walƙiya.

Bayan sallar Juma'a Kawu ya riƙe hannuna a gaban jama'a, ya ba da labarin yadda na kwana ina yaƙi da na'urar Jamus har na yi galaba, ya kuma aiko mini da zabbi biyu, waɗanda na karɓa saboda mayar da kyautar babba rashin ladabi ne. Sai da aka yanka su aka ci na tuna ban soke rajistar nan da na yi wa muzuruna ba, takardar kalmar sirri kuma na riga na mayar wa Kawu ya kulle a akwati. Duk ranar da mutanen Jamus suka kashe na'urar suka kunna, su biyun za su tashi tare su nufi ƙofa ta 8080 da gudu, ni kuwa tun daga ranar, in wayata ta yi ƙara na ga sunan Kawu, sai na yi Bisimilla kafin in ɗauka.