Injiniyoyin Ɗakin Lambu

Ɗakin lambu ba wani gini ba ne. Taku huɗu ne a tsaye, uku a kwance, wurin ajiye injin ban-ruwa da fartanya da buhun taki, sai ɗan gefen da mai gadi zai raɓe idan hadari ya taso. Amma ranar da gini ya kai linta aka fara zancen rufi, ranar ake gane ashe unguwar cike take da injiniyoyi.

Dattijo ɗan gargajiya ne ke fara isowa. A wurinsa duk rufin da ba azara da ƙasa ba, rufin 'yan ci-rani ne. Zai zauna a kan bulo ya ce, "Ɗana, azarar giginya gara ba ta cinta." Ka ce haka ne, Baba, don kuwa haka ɗin ne. Daga nan sai ya ɗauke ka ya kai ka Zariya, ya ba ka labarin Babban Gwani Muhammadu Durugu da masallacin Juma'ar da ya gina a shekarun 1830, da bakan gizon da har yau ake zuwa kallo. Zai lissafo maka makuba ta ɓawon ɗorawa, da katsin marina da ake haɗa laso da shi, da yadda ake kafa indararo. Abin da ba zai ambata ba shi ne soro yana son yaɓe kafin kowace damina, kuma maginin da ya iya aikin yanzu sai an yi cigiya. Ka tambaye shi da me ya rufe nasa ɗakin, sai ya tuna bai yi alwalar la'asar ba.

Mai son ciyawa ya fi shi hujja. A Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ƙarƙashin jinka ne kaɗai mutum zai iya rintsawa. Idan albasa za ka ajiye ma shi ke da gaskiya, domin albasa iska take so, kwano kuwa dafa ta yake yi. Sai dai baibaya ba ta daɗewa, ɓera na samun masauki, ga jarkar fetur ɗin inji a kusurwa, ga iskar hunturu. Ka ce masa, "To gobara fa?" ya ce, "Allah ya kiyaye," ya ci gaba da bayaninsa kamar ya amsa tambayar.

Alhaji ba ya fitowa daga mota. Gilashi yake saukewa: "Kwano? Wa yake sa kwano yanzu?" Shi sai dogon alminiyam, mai kaurin 0.55, kada a cuce ka da 0.45, ko kuma mai yashi-yashin nan na gidajen Abuja. Kuɗin rufin da yake kwatantawa ya fi na injin da takin da kabejin lambun a haɗe. Gudummawarsa dai ba ta taɓa kai ƙusa ɗaya ba.

Mai tsumulmula kuwa sabon kwano almubazzaranci ne a wurinsa. Zai ja ka wurin 'yan gwangwan ku zaɓo tsohon da aka ɓamɓaro daga wani gidan, kowane falle da hujin tsohuwar ƙusa. "A narka kwalta a lilliƙe, shi ke nan." Ƙusa mai hula ma tsada take yi masa, gara a ɗora duwatsu da tsofaffin tayoyi. Iskar farkon damina ba ta san da wannan yarjejeniya ba. Washegari da sassafe za ka gan shi yana bin lambunan maƙwabta, yana sallama, yana tambaya ko an ga rufinsa. Takin zamanin da ya kwana a ruwa kuma ya narke, asarar da ta ninka abin da ya yi tattali.

Akwai mai kyauta, wanda ke da tsohon asbestos jingine a bayan gida. Wannan kam ba wasa a ciki: ƙurar da ke tashi idan aka yanka shi ko ya fashe tana jawo cutar daji a huhu, Birtaniya ta haramta shi tun 1999. A yi masa godiya, a bar masa kayansa.

Duk wannan mahawara kafinta na tsaye, fensir a bayan kunne. Shi kaɗai ke maganar da za ta hana yoyo: a ba rufin gangare, falle ya hau kan falle sosai, a shafa wa katako baƙin mai saboda gara, a ɗaure shi da langalanga a jikin bulo. Ba mai saurarensa, tunda bai ambaci Zariya ko Abuja ba. Shi ma ba waliyyi ba ne. Bandir falle 20 ne, ɗakin bai ci haka ba, amma lissafinsa kullum bandir cur yake bayarwa, ragowar kuma "za su yi amfani, maigida." Da ya karɓi kafin alƙalami sai wayarsa ta daina shiga.

Sai mai lambun da ya saurari kowa kuma ya ga gaskiyar kowa. Ya shimfiɗa tamfol kafin a ga abin da hali zai yi. Rana ta cinye tamfol, ya ƙara leda a kai, ya danne da bulo. Duk zuwan da zai yi kasuwar Ƙofar Ruwa tambayar farashi sai ya tarar bandir ya ƙara kuɗi, ya dawo a fusace, ya ce wallahi ba zai saya ba sai ya sauko.