Hanyar Mashayi a Ƙarƙashin Allura

Na ga ka taɓe baki tun ban gama sallama ba. Ka ce me? A ɗauko yadi lafiyayye, a sa masa almakashi a yi gunduwa-gunduwa da shi, sannan a zauna a sake haɗa shi? Ka ce in ba rashin aikin yi ba, wa zai yi haka? To sannu da hikima, Malam. Kai da telanka ke yayyanka shadda yadi goma ya sake haɗa ta, ka biya shi har da godiya, yau kai ne mai wa'azin kada a yanka yadi.

Maganar kwilt nake yi, bargon nan da matan Amurka suka yi suna a kansa: ƙyallaye harhaɗe a sama, auduga a tsakiya, shimfiɗar yadi a ƙasa, a bi duka ukun da ɗinki. Fuskar saman gida-gida ake yin ta, kowane gida murabba'i. Masu miƙaƙƙen layi ba su da rigima. Rigimar tana wajen gidajen da layinsu ya lanƙwashe, kuma babbansu shi ne wanda ake kira Drunkard's Path, wato hanyar mashayi. Ka ce a'uzubillahi? Kwantar da hankalinka, ko ɗigo babu a ciki. Ƙyalle biyu ne kacal: ɗaya rubu'in da'ira mai turo ciki, ɗaya kuma ragowar murabba'in, mai ramin da cikin zai zauna. Jera gidaje 16 ta wata fuska, sai ka ga hanya tana tangaɗi a kan bargo. Juya huɗu su haɗa kai, da'ira ta fito cif.

Ka ce ashe ma abin wasan yara ne? Madalla. Ɗora ɗaya kan ɗaya, fuska da fuska, mu gani. Yaya? Wannan ya yi gabas, wancan ya yi yamma, ko? Bakin mai ciki ya fi na mai rami tsawo, ƙiri-ƙiri. Yanzu za ka ce kwalin awon ne ba daidai ba, ko almakashin ya dakushe, ko ni na yi maka ƙeta. Borin kunya ke nan. Awo lafiyarsa lau. Kowane ƙyalle an bar masa rarar rubu'in inci don ɗinki. A wajen mai ciki, rarar ta faɗo a bayan baka, sai bakinsa ya ƙara tsawo. A wajen mai rami ta faɗo a cikin baka, sai nasa ya ragu. Inda su biyun suke daidai wa daida shi ne layin da allura za ta bi, rubu'in inci daga baki, kuma wannan layin ba a ganinsa sai an ɗinke. Kai kuwa baki kake kallo kana rantse-rantse.

Ga yadda ake sasanta su. Ninke kowanne biyu, ka danne da farce don tsakiya ta fito. Haɗa tsakiya da tsakiya ka soka fil, ka ƙara fil a kowane ƙarshe. Yawancin masu koyarwa suna sa mai rami a sama, domin shi ne yake buɗewa ya bi ɗan'uwansa, kuma idonka na kan inda zai tattare. Sai ka taka keke a hankali. Na ce a hankali, ba irin takun jajibirin sallah ba. Ɗinki kaɗan, ka tsaya allura na ciki, ka ɗaga ƙafar keke, ka daidaita bakin, ka ci gaba. Ka ce ba sai a ɗan ja shi ya kai ba? Ja mana. Yankan baka yana ratsa saƙa a karkace, daidai inda yadi yake miƙewa, kuma abin da ya miƙe ba ya komawa don ka roƙe shi. Gidan zai fito da tozo kamar hular da aka zauna a kanta, dutsen guga ma sai ya yi maka dariya.

Ka ce wannan sai Bature mai haƙuri? Haba! Dubi hannun rigar da ke jikinka, mai kwala ɗin nan. Wa ya zaunar da kan hannun a ramin hammata? Mai ciki ne da mai rami, kuma yaron shago yana yin sa kullum yana sauraron rediyo.

Mu zo kan yadin da za ka yanka, wato batik. Ka ce batik ai atamfa ce aka canza wa suna don a tsuga kuɗi? Kunne ya girmi kaka. A tsibirin Jaba na Indonesiya aka ƙware da shi: a zana kaki narkakke a kan farin yadi da wani ɗan mazubin tagulla mai siririn baki, ko a buga shi da hatimin tagulla, a tsoma a rini, inda kaki ya rufe rini ba ya kamawa, sannan a tafasa kakin ya fita. A 2009 UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gadon ɗan'adam. 'Yan Holan ne suka kwaikwaye shi da inji a ƙarni na 19, bai yi kasuwa a can Jaba yadda suka so ba, ya zo ya same ta a Afirka ta Yamma. Kamfanin atamfarsu na Vlisco da ke Helmond tun 1846 yake. Saboda haka atamfar da ka yi ta ciniki a Kantin Kwari don lefe jikar batik ce. A gaida kaka.

Kakar kuwa tana da hali. Ta sha rini da tafasa, saƙarta ta matse, bakinta ba ya yawan zarewa, ga shi gaba da baya kusan ɗaya ne, ba sai ka yi ta juyawa kana neman fuska ba. Wannan duk alheri ne ga ɗan koyo. Amma matsewar nan ce ke hana ta ba da kai a kwana yadda sakwarkwacen yadi yake yi, don haka in yankanka ya kauce, babu mai rufa maka asiri. Allura mai kauri ko dakusasshiya tana fama da ita, sai siririya mai tsini, lamba 70 ko 80. In ka ɗinka ka warware, ramukan allura suna nan suna ba da shaida har sai tururin guga ya lallashe su. Masu duhun kala kuma a wanke su tukuna, don wasu suna zuba, kada jan ya shiga gidan farin ba sallama.

Ka ce duk wannan wahala a kan bargo, a ƙasar da zafi ke hana barci? Allah ya kai mu hunturu. Kai ne fa mai rawar ɗari a watan Janairu, ka rufa da zanin uwargida ka ɗora darduma.

Na ji ka ce to ka yarda, amma da Double Wedding Ring za ka fara, mai zobba sarƙe da juna, wanda aka yi yayinsa a Amurka wajen shekarun 1930. Ikon Allah! Ɗazu ka ce sai Bature mai haƙuri, yanzu kuma zobba. Fara da hanyar mashayin tukuna, gida babba, inci 6 ko 7, domin faɗin baka shi ne sauƙin kwana, ka yanka shi da 'yar rara don ka datse gefe bayan guga. Kuma da fisis za ka gwada, kada in ji an ce ka taɓa atamfar cikin akwatin Hajiya. In ka taɓa, ba ni cikin shari'ar.