Kai na Kalifoniya, Gangar Jiki ta Tokiyo

Malam, gyara zama, yau da kai nake. E, kai ɗin nan mai furfura biyu a gemu, da kake hararar yara in sun kunna katun. Ka manta zamanin da kake dirowa daga kan buhun masara da murfin tukunya a hannu, kana rantsuwa kai ne jan Power Ranger, ƙanenka kuma dodo? Ni dai ban manta ba. To na zo maka da labarin da zai ɓata maka shayi: jarumin nan da ka yi ta kwaikwayo, wanda ka ɗauka Ba'amurke ne gaba da baya, rabinsa ne kawai Ba'amurke. Muddin fuskarsa a buɗe take, ɗan Kalifoniya ne. Da zarar ya kifa hular kwano ya fara alkafura, mutumin Japan ne, kuma ya gama alkafurar tasa ya koma gida ya yi wanka tun kafin a ɗauki Ba'amurken aiki.

Ka ce ƙarya nake? Madalla, haka nake so. Shirin da tashar Fox Kids ta fara haskawa ranar 28 ga Agustan 1993 da sunan Mighty Morphin Power Rangers, ƙashin bayansa wani shirin Japan ne mai suna Kyoryu Sentai Zyuranger, wanda kamfanin Toei ya fitar a 1992, kashi 50 cif. Shi ma ɗa ne a wani babban gida da ake kira Super Sentai, gidan da ya faro tun 1975 da Gorenger na Shotaro Ishinomori. Kusan kowace shekara Toei sai ta ɗinka sababbin riguna masu launi, ta ƙera sababbin dodanni, ta kwashe su zuwa wurin fasa dutse ta tayar da nakiya a bayansu. Wato lokacin da kake ihun sabon abu ya shigo duniya, a Tokiyo abin ya shekara 18, har ya fara tsayar da gashin baki.

Wanda ya hango kuɗi a ciki shi ne Haim Saban, haifaffen Iskandariya ta Masar, tashin Isra'ila, mai sana'ar kiɗan shirye-shiryen yara. A wata tafiya da ya yi Japan cikin shekarun 1980 ya kunna talabijin a otal, ya ci karo da wani shirin gidan mai suna Bioman. Nan take ya lura da abin da kai ka kasa lura da shi cikin shekara talatin: fuskokin a rufe suke. Wa ke cikin rigar? Oho. Abin da ke cin kuɗi a irin wannan shiri shi ne faɗa da wuta da dodo da rushe gari, kuma duk Toei ta riga ta biya. Saura me? A datse duk inda Japanawa ke magana da fuska a waje, a samo matasan Amurka biyar a ɗauke su suna hira a makaranta da shagon shan lemo, a kai wa mai tace hoto ya ɗinke. An raɗa wa garin suna Angel Grove, aka ce a Kalifoniya yake. Shi ke nan.

Ka ce ai wannan dabarar ko ɗan jagaliya zai iya? To me ya hana ka, mai dabara? Saban ya shafe shekaru yana yawo da kaset ofis-ofis ana yi masa dariya. Sai da ya gamu da Margaret Loesch, shugabar Fox Kids, wadda ita ma ta taɓa shan irin wannan dariyar sa'ad da take Marvel, ita da Stan Lee suna tallar wani shirin Sentai mai suna Sun Vulcan babu mai saye. Majinyaci ya haɗu da ɗan'uwansa a layin karɓar kati, ba sai an yi dogon bayani ba.

Sai dai zanen aro ba ya rufe katara, kuma a nan karin maganar ba ta ko yi kwana ba. A Zyuranger maza huɗu ne da mace ɗaya. Amurkawa suna son 'yan mata biyu. Sai suka dubi mai rigar ruwan ɗorawa suka ce daga yau ke mace ce, sunanki Trini, suka ba Thuy Trang matsayin. A Japan kuwa namiji ne, sunansa ma Boi, kamar da gangan. Shi ya sa mai ruwan hoda take da ɗan siket a kan rigarta, mai ruwan ɗorawa kuwa babu. Ka ce ai ka lura tun a lokacin? Haba Malam, ka ji tsoron Allah. Kai da ka taɓa cewa in ka girma ita za ka aura.

Mayyar nan kuma mai ƙahoni da ciwon kai, Rita Repulsa? Jiki da fuska na Machiko Soga ne, 'yar wasan Japan da ta fito a matsayin Bandora. Muryar da ke tsaga maka kunne ta Barbara Goodson ce. Leɓe na gabas, magana na yamma. Wannan kam bai kamata ya ba ka mamaki ba, kai da ka saba da fim ɗin Indiya inda jarumi ke buɗe baki da Hindi, Kananci tsantsa na zubowa.

Inda abin ya fi daɗi shi ne labari. A Japan jaruman nan mayaƙan tsofaffin ƙabilu ne da suka yi zamani da dainoso shekara miliyan 170 da suka wuce, suka yi dogon barci, aka tashe su. Manyan dabbobin ƙarfen da suke hawa, a can ababen bauta ne masu rai da ra'ayi, har sukan yi fushi. Ita Bandora ba haka kawai ta lalace ba, mutuwar ɗanta ce ta kai ta ga sayar da ranta. Amurkawa suka dubi wannan duka, mutuwa da baƙin ciki da gumaka, suka ce a'a, yaranmu na cin abincin safe. Suka mayar da ababen bautar injuna, suka kawo wani ƙaton kai a cikin kwalba mai suna Zordon, suka ƙara wawaye biyu, Bulk da Skull, don a riƙa kifa musu kek a fuska.

Ka ce to ai sun gyara, marubutan Amurka sun nuna gwaninta? Tsaya mana, ka san wace irin wahala suka sha? A ko'ina marubuci ke fara rubuta labari, sannan a ɗauka. A nan an riga an ɗauki ƙarshen labarin a wata ƙasa, da wani yare, don wani dalili daban, sai a miƙo maka a ce ƙirƙiro farkonsa. In kaset ya zo da dodon alade mai cinye duk abin da ya gani, dole ka shirya bikin abinci a garin Angel Grove, kana so ko ba ka so, kuma haka aka yi. Kamar a ba tela maɓalli guda a ce ya ɗinka babbar rigar da za ta dace da shi. Ni a wurina gwanintar tana nan, kuma ita ce ba a yaba musu: furodusa na Amurka, darakta na Amurka, amma mai gida na gaskiya shi ne kaset ɗin Toei.

Kaset kuwa yana ƙarewa. Dubi koren jarumi. A Japan sunansa Burai, aron kwana aka ba shi, ana auna sauran ransa da wani koren kyandir, kuma da kyandir ya ƙone ya mutu. A Amurka an bar kyandirin, amma aka ce ƙarfin nasu koren, Tommy, kawai yake ƙonawa. Matsalar ita ce yara sun fi son Tommy, wato Jason David Frank, fiye da kowa, ga shi hotunan faɗansa kaɗan ne tun da mai rigar ya riga mu gidan gaskiya. Shirin ma gaba ɗaya ya cinye kayan aronsa, kasuwa kuma tana neman ƙari. Sai Saban ya koma wa Toei da kuɗi a hannu: don Allah a fito da tsofaffin rigunan nan a ɗauko mana sabon faɗa. Aka ƙera sababbin dodanni 25 waɗanda yaran Japan ba a yi dominsu ba.

Da wannan ma ya ƙare, aka shiga gidan maƙwabta. Farin jarumin da ka yi wa tafi a zango na biyu, daga Dairanger na 1993 aka aro shi, kuma a can yaro ne ɗan firamare mai suna Kou, wanda in ya rikiɗa yake zama ƙato. Su biyar ɗin suna sanye da rigunan wani shiri, na shidansu da rigar wani shirin, dodanni da yawa kuma daga shiri na biyun. Shi ya sa sau da yawa ba ka ganin dodo da jarumai a hoto ɗaya. Dodo ya yi harbi a Dairanger, jarumi ya faɗi a wani kaset daban. Kai kuwa kana gaban akwati baki buɗe, ƙuda na shiga.

Ka ce ashe sata ce? Subhanallahi! Janye, kafin lauyoyi su ji ka. Da lasisi aka yi, an biya, kuma kamfanin Bandai mai ƙera kayan wasan ya ci riba ta ko'ina, har a ƙarshen 1993 iyaye a Amurka suna zagaya kantuna suna neman 'yan tsanar nan babu. In kuma asali kake so mu tono, bismillah. Ƙaton butum-butumin nan da ake haɗawa a ƙarshen kowane faɗa, ka san daga ina ya shigo gidan Sentai? A 1978 Toei ta ari Spider-Man daga Marvel, ta yi nata na Japan, ta ba shi ƙaton butum-butumi mai suna Leopardon. Abin ya karɓu, sai ta saka irinsa a Battle Fever J a 1979, ya zama gado. To wa ya ara daga wa? Ko ɗinkin kansa ba Saban ya fara ba: Godzilla na 1954 da ya isa Amurka a 1956, cusa masa Raymond Burr aka yi a matsayin ɗan jarida, yana tsaye yana kallon abin da aka ɗauka shekara biyu baya. Daga baya ma aka mayar da Power Rangers Japan aka ɗora masa Japananci, Machiko Soga ta zo ta yi muryar Rita. Baiwar Allah ta ara wa bakinta muryarta.

Ka ce amma dole ce ta sa, Turawa ba za su zauna kallon fuskokin Japanawa ba? Wa ya faɗa maka? Faransa ta ɗora wa Bioman Faransanci a shekarun 1980, ba ta cire kan kowa ba, yara suka haukace a kansa. Birazil ta yi haka da Jaspion da Changeman. Tsoron na masu ofis ne a Amurka, yaran ba a tambaye su ba.

Akwai kuma inda raha ke ɗan ɗaci. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. 'Yan alkafuran Japan da suka sha zafi cikin roba, ba ka san sunan ko ɗayansu ba. Matasan Amurkan ma ba a ƙarƙashin ƙungiyar 'yan wasa suka yi aikin ba, kuma a 1994 uku daga cikinsu, Austin St. John da Walter Jones da Thuy Trang, suka bar shirin kan batun albashi. Me kamfani ya yi? Dabarar da aka yi wa Japanawa ita aka juyo musu: tsofaffin hotuna, ƙeyar wasu mutane, muryoyin kwaikwayo, har aka samu zarafin cewa an tura su taron zaman lafiya a Suwizalan. Wanda ya iya sauya kai sau ɗaya, na biyu ba ya ba shi wuya.

Kada ka ɗauka kullum ɗinkin na zama. VR Troopers na 1994 daga shirye-shirye uku aka harhaɗa shi, don haka jaruman da ake cewa abokai ne, da faɗa ya tashi sai ɗayansu ya kama gabansa ya bar sauran, tun da bai taɓa zama a kaset ɗaya da su ba. Beetleborgs ya tsaya ne da kayan aro suka ƙare. Masked Rider ya ɗauki Kamen Rider Black RX ya haɗa shi da wata 'yar halitta mai gashi don ban dariya, ya yi ta maza ya faɗi. Carranger na 1996 kuwa shaƙiyanci ne, Japanawa na yi wa kansu ba'a; Amurkawa suka ɗauke shi suka yi Power Rangers Turbo suna ƙoƙarin ɗaure fuska.

Abin bai tsaya nan ba. A 1994 ƙasar Niyu Zilan ta sa aka cire shirin daga talabijin saboda yawan faɗa. Daga 2003, bayan ya koma hannun Disney, a ina kake jin aka riƙa ɗaukarsa? A Niyu Zilan. Saban ya sake sayen abinsa a 2010, ya sayar wa Hasbro a 2018 kan dala miliyan 522. Dabarar da ko ɗan jagaliya zai iya, in ji ka.

Ka ce kai fa duk wannan bai dame ka ba, ba ka ma taɓa kallo ba, lokacin kana makarantar allo? To, na yarda. Amma ɗazu da na ambaci koren jarumi na ji kana busa wani abu ƙasa-ƙasa, irin sautin wuƙar nan tasa mai kiran dodon ƙarfe daga teku, alhali ni ban ce yana da wuƙa ba. Kuma cikin shekara talatin ba ka taɓa tambayar yadda mutum ke busa sarewa da baki a rufe cikin hular kwano ba. Tashi ka mayar wa Hajiya murfin tukunyarta, har yanzu tana cigiya.